Shirun Ɗan Fari

Shafi na 19

Masu tambayar abin da ya faru a ɗakin likita, ku gyara zama.

"Uwaisu!"

Likita Naja'atu ce ta kira. Yaron bai ko ɗago ba. Yana durƙushe a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa a tsakiyar ɗakin, yana jera murafen kwalbar lemo ɗaya a bayan ɗaya, ja kusa da ja, kore kusa da kore.

Manyan ukun da ke kan benci su ne suka motsa. Inna Sabuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Rufaida ta sunkuyar da kai, ta shiga jijjiga Mansura, jaririyar da ke bayanta. Hambali ya kalli rufin ɗaki.

"Ko ba sunansa ba ne?" in ji likitar.

"Sunansa ne," Hambali ya ce. "Sunan mahaifina marigayi aka mayar masa. Ni ba na faɗa. Inna ba ta faɗa, sunan mijinta ne. Ita kuwa wannan, ga shi ɗan farinta, ga shi sunan suruki."

"Allah ya jiƙan Malam. To da me kuke kiransa?"

"Ni Abba nake cewa."

"Maigidana ne," in ji Inna Sabuwa. "Shekararsa uku da ɗoriya, ko barkono bai taɓa sayo min ba."

Likitar ta yi murmushi, ta juya wajen Rufaida. "Maman yaro fa?"

"Ita ba ta kiransa," Inna ta karɓe. "'Yar mutunci ce. A garinsu Kabo ma an san kunya."

Hambali ya gyara zama. Ba ƙaramar wahala ya sha ba kafin su samu shiga ɗakin nan. Likitar daga Kano take zuwa Gwarzo, kuma ba kullum ba. Tun suna sallama ta faɗa musu gaskiya: abin da ake zargi, wanda ake kira galahanga, lalurar da ke taɓa maganar yaro da cuɗanyarsa da mutane, ba a gano shi da awon jini ko hoto. Abin da ta gani da idonta, da abin da waɗanda suka reni yaron suka faɗa mata, su ne awonta. In aka ba ta labarin da ba shi ba ne, za ta sallame su da amsar da ba ita ba ce.

Shi da matarsa kaɗai ya shirya su zo. Sai ga Inna da sanyin safiya daga Kutama, a bayan ɗan acaɓa, ba wanda ya aika mata. Matar da ko ciwon ƙafarta ba ta yarda a kawo asibiti. Tun daga nan zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

"Ku kira shi ɗaya bayan ɗaya," in ji likitar, "kowa da sunan da ya saba. Kada a taɓa shi, kada a nuna masa komai."

Hambali ya share murya. "Abba."

Shiru.

"Abba! Abbana!"

Yaron ya ɗauki wani murfi, ya juya shi, ya ajiye a layi. Hambali ya ji kamar shi ne ya faɗi jarrabawa.

Inna ta yi gyaran murya. "Maigida! Kai Maigida, haka za ka bar ni da yunwa? Ina cefane?"

Nan take yaron ya waiwayo. Ya miƙe, ya tako a kan yatsun ƙafa, ya zo ya tsaya a gabanta.

"Kin gani?" Inna ta ce. "Lafiyarsa ƙalau. Miskili ne kawai, ya san wanda yake amsa wa."

Likitar ta yi ɗan rubutu.

Amma Hambali gyaran injin niƙa ne sana'arsa. Kunnensa ya saba tsinto ƙarar ɗan ƙaramin ƙarfe a cikin rugugi. Kafin Inna ta rufe baki ya ji wani ƙis-ƙis daga ƙarƙashin mayafinta, ƙarar murafen kwalba ana goga su a tafin hannu. Kuma yaron bai kalli fuskar kakarsa ba. Hannunta ya kalla.

Da shiri ta zo ke nan.

Ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Me zai ce? Ya ce mahaifiyarsa ta yi wa likita coge, a gaban baƙuwa, a gaban surukarta?

"In yana son ruwa yaya yake yi?" likitar ta tambaya.

"Nunawa yake da yatsa," in ji Inna.

Ba haka ba ne. Wuyan hannunka yake kamawa, ya ja ka har bakin randa, ya ɗora hannunka a kan moɗa kamar hannun ba na mutum ba ne.

"Yana wasa da yara?"

"Har sai an kore su."

"Ƙara mai ƙarfi tana damunsa?"

"Ɗan mai gyaran injin niƙa? Haba likita."

Yaron da in an biyo da shi ta layin shagon uban sai ya toshe kunnuwa ya kwanta a ƙasa.

Kowace tambaya, likitar Rufaida take kallo. Kowace amsa, daga bakin Inna take fitowa. Da ta matsa, ta ce, "Maman yaro, ke ma haka kika gani?" sai Rufaida ta ce can ƙasa-ƙasa, "Inna ta fi ni sani."

Hambali ya saci kallon matarsa. Ya san kunyarta; in tana jin kunya har ɗan murmushi take ɓoyewa a gefen hijabi. Wannan ba ita ba ce. Tsoro ne a fuskarta. Ita ce fa ta dame shi a kan a nemo likita, ita ce ta ƙi cin abinci har sai da ya yarda. Me ya same ta tsakanin asuba da yanzu? Ya tuna ya bar su su biyu, ita da Inna, a madafi lokacin da ya fita neman mai a babur.

Likitar ta ajiye biro.

"Wannan tambayar tana da nauyi, ku yi tunani kafin ku amsa. Ya taɓa faɗin wasu kalmomi, daga baya ya daina?"

"Bai taɓa ba!"

Da sauri Inna ta faɗa, da ƙarfi kuma, har jaririyar ta firgita.

"An kawo min shi yaye ba baki, na mayar musu da shi ba baki. Danginmu ba sa saurin magana. In lokacinsa ya yi sai kun roƙe shi ya yi shiru."

Yaye. Hambali ya ji kalmar ta zauna masa a ƙirji. Bisa al'ada aka kai yaron wajen kaka don a cire shi daga nono. An ce 'yan makonni zai yi. Inna ta riƙe shi tun farkon damina har aka yanke gero. Duk sanda aka aika a ɗauko shi sai ta ce bai gama mantawa ba. Da ya dawo, ya dawo kamar an musanya shi. Aka ce fushin yaye ne, zai wuce.

Kafin tafiyar fa? A lokacin Hambali yana yawon gyara ƙauye-ƙauye, yau Sabon Birni gobe wani wuri. Amma akwai wata safiya da bai manta ba: yana tayar da babur, yaron ya dafa ƙyaure ya ce "Baba". Ko kuwa shi ne ya so ya ji hakan? Ya daɗe yana tambayar kansa, har ya fara ƙaryata kunnensa.

"Hajiya," in ji likitar, "ki taimaka min. Ma'aikaciyar jinya za ta auna tsayinsa da nauyinsa a ɗakin gaba, kuma na ga ke ya fi yarda da ke."

"A kawo ma'aunin nan mana."

"A jikin bango yake, Hajiya."

Inna ta dubi ƙofar. Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta kama hannun yaron. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Rufaida, gyara goyonki."

Goyon ba abin da ya same shi. Ta dai daɗe tana kallonta kafin ta fita.

Likitar ta tashi da kanta ta tura ƙofa.

"Na ga murafen da ke hannunta," ta ce. "Ba ita ce kaka ta farko da ta yi min haka ba, kuma yawanci ƙauna ce ke sa su. Amma ƙauna ba ta faɗa min abin da ke damun yaro." Ta jawo kujera kusa da Rufaida. "Yanzu babu suruka. In kina so maigidan ma ya ba mu wuri."

Rufaida ta girgiza kai. "Ya zauna. Gara ya ji daga bakina."

Ta ɗago ta dubi likitar.

"Ya yi magana, likita. Yana cewa ruwa. Yana cewa Baba. In akuya ta shigo ya ce tafi. Ni ma yana kirana Umma."

"Kin tabbata?"

"Ni fa na haife shi."

Ta share ido da bayan hannu, maganar ta ɓalle mata.

"Cewa ake ba na kallonsa. A gaban mutane ne ba na kallonsa. In gida ya watse sai in rufe ƙofa in zauna in yi ta kallonsa. Sunan ma ina kira."

"Wane sunan?" in ji Hambali.

"Na yankan."

"Sunan Baba?"

"Allah ya yafe min, Abban Mansura, ina kira. Da, in na kira sai ya juyo yana dariya, ya miƙo hannu. Tun da ya dawo daga Kutama na kira har muryata ta dishe. Ba ya kallon idona. In na sa fuskata a gabansa sai ya leƙa bayana. Tuwo in miya ta taɓa shi ba zai ci ba. In aka sauya wa tabarmarsa wuri, ranar ba mai sukuni a gidan. Ya faɗi ya fasa goshi bai zo wajena ba, ya tafi bayan randa ya zauna."

Likitar tana rubutu da sauri. Hambali kuwa kallon matarsa yake kamar yau aka kawo masa ita. Duk wannan a cikinta yake, suna gida ɗaya?

"To me ya hana ki faɗa ɗazu?" ya tambaye ta.

Ta kawar da kai.

"Rufaida, me Inna ta ce miki a madafi?"

"Cewa ta yi in na buɗe baki a gaban likita, ita ma za ta buɗe nata a gabanka."

"A kan me?"

Ta taɓa ƙafar jaririyar da ke bayanta.

"Cikin Mansura. Ka san shi ne ya sa aka yi yayen da wuri. Abin da ba ka sani ba, na daɗe da sanin ina da shi. Na ɓoye. Na ci gaba da ba shi nono, don ba ya karɓar komai sai shi, in na hana shi sai ya yi ta buga kai da ƙasa. Inna ce ta gane, da ta zo ta ga yadda nake tofar da yawu. Ta ce ya sha ciki. Ta ce ni na lalata shi. Ta ce in na yi shiru za ta rufa min asiri."

Ta juya wajen likitar, ta haɗa hannuwa.

"Ki rubuta ni ce. In dai za a taimake shi, ki rubuta."

"Ba zan rubuta ba," in ji likitar, "don ba gaskiya ba ne. Nonon mai ciki ba ya ɗauke wa yaro magana. Yaye ma ba ya ɗaukewa. A cikin yaran da ke da wannan lalurar akwai waɗanda suke fara magana, sai ta janye, kuma yawanci a daidai shekarun da mu muke yaye. Shi ya sa ake ɗora wa yayen, ko nonon, ko wadda ta karɓi yaron. Ina ganin haka har a yaran da ba a taɓa kai su ko'ina ba."

"Ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce."

"Likita, don Allah kada ki faɗa don ki lallashe ni."

"Ba lallashi aka turo ni yi ba."

Rufaida ta kifa kai a gwiwa. Kukan da ta yi ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke rawa.

Ya kamata Hambali ya ji sanyi. Bai ji ba. Wani lissafi ne ya ƙi fita a kansa. In Inna ta yarda laifin Rufaida ne, me zai sa ta taso tun daga Kutama ta zo ta yi ƙarya? Don ta kare suruka? Inna ba ta ƙi Rufaida ba, amma ba ta so ta har haka ba. Ba asirin Rufaida take rufewa ba. Bakin Rufaida ta rufe, don wani asirin ya zauna lafiya.

Aka turo ƙofa ba sallama.

Yaron ya zare hannunsa ya koma kan tabarma. Inna ta tsaya tana kallon jajayen idanun surukarta.

"An yi magana ke nan."

"Zauna, Hajiya," in ji likitar. "An faɗa min yaron ya fara magana kafin a kai shi yaye."

"Wa ya faɗa? 'Yar Kabo? Uwar da ba ta ɗaga ido ta kalli ɗan farinta, ita za ta san ya yi magana? Ni na kwana da shi, ni na tashi da shi. Ni za ki tambaya."

"Na tambaye ki, na tambaye ta. Yanzu labari biyu ne a gabana, kuma ba hanya ɗaya suke kaiwa ba. In bai taɓa magana ba, akwai abubuwan da zan fara dubawa. In ya yi ya daina, wannan wani abu ne daban, kuma ba na son a ƙara ɓata lokaci." Ta juya. "Malam Hambali, kai ne uba. Me ka ji da kunnenka?"



"Faɗa mata," in ji Inna a hankali. "Faɗa mata, Hambali. Ni dai na haife ka."

Tunda yake bai taɓa ce mata a'a ba. Ko da ta ce ya bar makaranta ya kama sana'a, to ya ce. Ya san abin da aka faɗa a kan uwa, ya ji a masallaci, ya karanta da kansa. Amma wanda ke kan tabarmar nan fa? Shi ba shi da bakin da zai ce an yi masa ƙarya. In uban ma ya yi shiru, wa ya rage masa?

Zai iya cewa bai tuna ba. Ba wanda zai kama shi. Inna ta fita da mutuncinta, Rufaida ta zama maƙaryaciya, likita ta koma Kano da rabin labari.

Ya zame daga kan benci ya durƙusa, kamar yadda yake yi in zai gaishe ta.

"Inna, ki gafarce ni."

"Ban ji ba."

"Ya yi magana. Ya ce min Baba. Na ji."

Ya jira tsawa. Ya jira ta ce ta yafe shi, ko ta ɗauki jakarta ta fice. Ba ta yi ko ɗaya ba. Kallonsa kawai ta yi, fuskarta ta saki, tsufanta ya fito gaba ɗaya.

"Ka ƙaryata ni a gaban mutane."

"Inna..."

"Yi min shiru. Ba ka san abin da ka yi ba."

Ta juya wajen likitar. Muryarta ta sauya, babu gatse a ciki.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah. In kika sa wa abin nan suna, ina za a kai shi?"

"Ba inda za a kai shi, Hajiya. Gida zai koma. Ku za mu koya wa yadda za ku taimake shi."

"Haka aka ce min wancan karon."

Likitar ta dubi Hambali. Hambali ya dubi Rufaida.

"Wane karon, Inna?"

 Ta sulale ta zauna a ƙasa, a gefen tabarmar, kusa da jikanta amma ba ta taɓa shi ba.

"Hajiya," likitar ta ce a hankali, "an taɓa samun mai irin wannan a danginku?"

"Shi ma ya yi magana," in ji Inna, idonta a kan yaron. "Har waƙa yake biya min in ina daka. Aka yaye shi, ya yi ɗif. Ina ɓoyewa, ina cewa miskilanci ne. Wata rana na kasa, na faɗa wa mutanen gida gaskiya. Ni da bakina na faɗa. Suka ce iska ce. Suka ce za a kai shi wani gida a yi masa karatu, ya dawo min kafin Sallah. Da na je dubawa na tarar da mari a ƙafarsa. Ƙafar ba ta kai kaurin muciya ba."

Hambali ya matso kusa da ita.

"Wa kike nufi?"

"Yayanka."

"Wanda ya rasu kafin a haife ni?"

"Ka taɓa jin na faɗi haka da bakina? Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na zancensa, kowa ya ce Sabuwa akwai kunya. Ba wanda ya taɓa tambayata."

"Inna, me kike cewa?"

Ta ɗago. Leɓenta ya yi ta motsi kafin sunan ya fita, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Bashari."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Yana garin Madadi, Hambali. Yana raye."